Hulu Manu: Gashin Tsuntsu a Sama, Ciyawa a Ƙarƙashin Teku

(Laccar da aka gabatar a zauren taron ɗalibai)



Abin da zan yi magana a kansa yau kalma ce guda, ko kuwa in ce kalmomi biyu da aka haɗa suka zama suna ɗaya, watau hulu manu. Ba Larabci ba ne, ba kuwa Turanci ba. Daga harshen mutanen Hawai ta fito, wasu tsibirai da ke tsakiyar Tekun Fasifik, kimanin mil 2,400 daga gaɓar Kalifoniya, waɗanda suka zama jiha ta hamsin a ƙasar Amurka a 1959. Na san wani zai ce, ina ruwan Bahaushe, mutumin tudu, da maganar masu kwalekwale? To, a yi mini haƙuri kaɗan. Masu nazarin ilmin ma'ana sun daɗe suna cewa in kana son ganin abin da jama'a suka ɗauka da daraja, ka dubi inda suke aron suna da inda suke kai shi. Wannan kalma kuwa ta yi tafiya mai ban mamaki. Ta tashi daga jikin tsuntsu, ta shiga fadar sarki, ta gangara cikin teku, har ta ƙarasa kan gadon kwana. Bayan haka kuma, a ƙarshen jawabina akwai wata tambaya da ta shafe mu kai tsaye, mu da za a dora wa nauyin rubuta kimiyya da Hausa.

Bari mu fara da fasa kalmar. Manu shi ne tsuntsu. Hulu kuwa shi ne gashi, amma fa gashin jiki: na tsuntsu, na kare, na tunkiya, da wanda ke tsirowa a hannu ko ƙirjin mutum. Gashin kai yana da nasa suna dabam, lauoho. Nan za ku ga sun yi kusa da mu ƙwarai. Bature yana da kalma ɗaya don abin da ke kan mutum, wata don na tsuntsu, wata don na kyanwa, wata kuma don na tunkiya. Bahaushe ya tattara su duka ya ce gashi, in yana son bambantawa sai ya ƙara da sunan mai shi, ya ce gashin kaza, gashin jimina, gashin baki. Haka mutumin Hawai yake yi, har ma jerin kalmomin iri ɗaya ne da namu: abin mallaka a gaba, mai shi a baya. Hulu manu, gashin tsuntsu. Hulu moa, gashin kaza. Hulu ʻilio, gashin kare.

Kalmar tsohuwa ce ƙwarai, ta girmi zaman mutane a Hawai nesa ba kusa ba. Mutanen Samowa suna cewa fulu, Maori na Niyu Zilan suna cewa huruhuru, a Malesiya da Indunusiya ana cewa bulu, a tsibirin Madagaska kuwa, wanda ke nan gefen nahiyarmu, ana rubuta volo, ana furta shi kamar vulu. Duk tushe ɗaya ne, domin kakannin waɗannan al'ummu gida ɗaya suka fito, suka bazu cikin jiragen ruwa gabas da yamma. Haka ma manu: a Jawa manuk tsuntsu ne, a Filifin manok kaza ce. Ke nan kalma guda ta kewaye fiye da rabin duniya ba tare da takarda ko alƙalami ba.

Ma'ana ta farko ita ce wadda ta fi bukatar a tsaya a kanta, domin in ba a gane ta ba sauran ba za su fito ba. A ƙasar Hawai ta dā babu zinariya, babu azurfa, babu ƙarfe ko kaɗan. Abin da ya tsaya a matsayin dukiyar sarauta shi ne gashin wasu ƙananan tsuntsayen kurmi. Da shi ake saƙa alkyabbar sarakai da ake kira ʻahu ʻula, da kwalkwalin da ake kira mahiole, da wata doguwar sanda mai tuntun gashi a kai, kahili, wadda ake riƙewa a gaban basarake don a san ga shi nan tafe. Wanda ya taɓa ganin hawan salla a Kano, ya ga figini na gashin jimina ana yi wa Sarki fifita, ya kuma ga takalmin gashin jimina, ba zai sha wuyar fahimtar wannan ba. Bambancin kawai shi ne jimina ƙatuwa ce, gashinta guda ya kai kamu, alhali tsuntsayen da muke magana ba su fi gauraki ƙanƙanta ba kawai, kusan girman gado ko kanari suke, gashinsu kuwa da ƙyar ya wuce gaɓar yatsa.

Launi biyu ne manya. Ja ana samunsa daga ʻiʻiwi da ʻapapane, waɗanda yawancin jikinsu ja ne, saboda haka bai yi wuya sosai ba. Ruwan ɗorawa shi ne abin nema, domin tsuntsaye biyun da ke da shi, mamo da ʻoʻo, baƙaƙe ne, ɗan ratsin ɗorawa kawai gare su a ƙarƙashin fiffike ko cinya ko gindin wutsiya. Akwai mutanen da sana'arsu ke nan, ana ce da su kia manu. Sukan shiga kurmi su yi kwana da kwanaki, su shafa danƙo a sanda ko reshe kusa da furen da tsuntsun yake sha, daidai yadda yaranmu ke ɗana danƙo a bakin rafi. Ana faɗin cewa mai ruwan ɗorawa akan fige 'yan gasun da ake so a sake shi ya sake toho, mai ja kuwa akan yanka a ci naman. Sa'an nan a ɗaure gasun ƙulli-ƙulli, a ɗinka su a kan wata raga ta zaren olona, sahu bisa sahu, kowane sahu ya rufe gindin na ƙasansa kamar yadda suke a jikin tsuntsu.

Don ku ga girman aikin, alkyabbar Sarki Kamehameha na Ɗaya, wanda ya haɗe tsibiran ƙarƙashin mulki ɗaya a 1810, tana nan a Gidan Tarihi na Bishop a Honolulu. An ƙiyasta gashin mamo da ke jikinta ya kai 450,000, daga tsuntsaye wajen 80,000. Irin wannan ba aikin shekara ɗaya ba ne, ba kuma na mutum ɗaya ba. Gashi yana cikin abin da talakawa ke biya a matsayin haraji, ana tarawa tun zamanin kaka har jika ya yafa. Saboda haka ranar da Sarki Kalaniʻopuʻu ya cire alkyabbarsa da kwalkwalinsa ya yafa wa Kyaftin Kuk a 1779, kyauta ce da ba ta da na biyu a ƙasar. Makonni kaɗan bayan haka aka kashe Kuk a wannan gaɓa ta Kealakekua. Kayan suka tafi Ingila, daga baya suka faɗa gidan tarihi a Niyu Zilan, sai a 2016 suka komo gida, bayan shekara 237.

To, abin da ya yi wannan daraja dole sunansa ya yi nauyi a baki. Daga nan ma'ana ta fara yaɗo. A harshen Hawai in an ce hulu kupuna, a zahiri gashin kaka ke nan, amma abin nufi shi ne tsoho ko tsohuwa mai daraja, irin 'yan ƙalilan da suka rage daga tsararsu, waɗanda ake lallaɓawa kamar yadda ake lallaɓa gashin alkyabba. Ni dai a ganina wannan kirari ne mai kyau ƙwarai, domin ya haɗa abu biyu da suke gaskiya game da tsofaffi, tsada da rashin ƙwari. Har wa yau, matar Kamehameha da ya fi so, wadda ta riƙe mulki bayan rasuwarsa a 1819, sunanta Kaʻahumanu, ma'anarsa mayafin tsuntsu, watau alkyabbar gashi.

Daga wannan mata ne za mu shiga ma'ana ta biyu, wadda ta fi sauran daɗin labari. Kauikeaouli, wanda ake kira Kamehameha na Uku, ya hau gado a 1825 yana ɗan shekara goma sha ɗaya ko kusa da haka, Kaʻahumanu tana riƙe masa. Ita kuwa ta karɓi addinin 'yan mishan da suka zo daga Amurka a 1820, ta kafa dokoki masu tsanani a kan giya da rawar gargajiya ta hula. Da ta rasu a 1832 sai saurayin sarki ya ga ƙofa ta buɗe. Ya tara samari 'yan gaban goshi a kewaye da shi, babbansu wani mai suna Kaomi, aka koma shagali da kaɗe-kaɗe da duk abin da aka hana. Sunan da aka san waɗannan samari da shi shi ne Hulumanu. Ku dubi yadda sunan ya zauna daram. In ka kalle shi ta fuskar sarki, yabo ne: su ne adonsa, su ne ke lulluɓe da shi kamar alkyabba. In ka kalle shi ta fuskar dattawan fada da 'yan mishan, zambo ne: abu mai ƙyalli marar nauyi, wanda iska ke kaɗawa inda ta ga dama. Mu da muke da 'yan fada da 'yan kore da 'yan amshin Shata mun san irin sunan da ke da baki biyu haka. Zamanin nasu bai daɗe ba, 'yan shekaru ne. Sarkin ya natsu, har shi ne ya ba ƙasar tsarin mulki rubutacce a 1840, ya yi sarauta zuwa 1854. Amma sunan ya zauna a littattafan tarihi da ƙamus.

Akwai wata ƙaramar ma'ana da zan ambata in wuce. Bayan zuwan Turawa da kayansu, yadin nan mai kauri da ake ɗinka katifa da matashin kai da shi, shi ma hulu manu aka kira shi, don gashin tsuntsu ake cusawa a ciki. Abin ciki ya ba mazubi sunansa. Mu namu juye yake: mukan ce tukunya ta tafasa, alhali ruwan da ke ciki ne ya tafasa.

Yanzu sai mu gangara teku. Duk tsiron da ke rayuwa cikin ruwa ko wuri mai laima, mutanen Hawai suna kiransa limu. Ita ma tsohuwar kalma ce, 'yar'uwar lumut ta Malesiya da rimurimu ta Maori. Limu abinci ne babba a wurinsu. Kifi da tuwon gwaza da ake kira poi da limu, su ne cimar yau da kullum, limu tana tsayawa a matsayin ganyen miya da kayan yaji gaba ɗaya. Sanin ta kuwa a hannun mata yake, kuma akwai dalili. A ƙarƙashin tsohuwar dokar kapu, wadda aka rushe a 1819, an hana mata cin kwakwa da yawancin irin ayaba da naman alade da wasu manyan kifaye, an kuma hana su ci tare da maza. Abin da ke bakin gaɓa ba a hana su ba, sai suka ƙware a kansa, suka san kowane iri da sunansa da lokacinsa da dutsen da yake kamawa. Ba abin mamaki ba ne da ya zama mace ce ta tattara wannan ilmi ta kai shi jami'a, watau Isabella Aiona Abbott, wadda aka haifa a 1919 ta rasu a 2010. Ita ce mace ta farko 'yar asalin Hawai da ta sami digirin digirgir a fannin kimiyya, a 1950, kuma tushen saninta daga mahaifiyarta ne, wadda ke kai ta bakin teku tun tana yarinya. Ta bi tsofaffin mata tana tambaya, tana daidaita sunan gargajiya da sunan Latin.

A cikin waɗannan sunaye akwai hulu manu. Ƙamus na Mary Kawena Pukui da Samuel Elbert, wanda ya fara fitowa a 1957 aka sake faɗaɗa shi a 1986, ya nuna cewa suna ne na wasu korayen tsirran teku daga dangin da masana ke kira Caulerpa. Wanda ya ga hotonsu ba zai tambayi dalilin sunan ba. Wata jijiya ce ke rarrafe bisa yashi kamar yaɗon dankali, tana sakin 'yan saiwoyi ƙasa, a sama kuwa tana fid da ganye tsaye, kowanne da ƙashi a tsakiya da siraran zare a jere dama da hagu. Gashin zakara ne sak, sai dai kore. Shi ya sa wasu ke ce masa hulu moa, gashin kaza. Yana kuma da suna na uku, ʻai a ka honu, abincin kunkurun teku.

Wannan suna na uku yana ɗauke da wani bayani da ya kamata mu lura da shi. In ka ji an ce abu abincin kunkuru ne, to an gaya maka cewa ba na mutane ba ne. Haka kuwa ƙamus ɗin ya ce, ba a cin sa. Ga abin dubawa ke nan. Tsirran da aka fi so a ci, sunayensu na yabo ne ko na amfani: limu kohu, wadda ake ɗauka sarauniyarsu, da limu kala, wadda sunanta ya yi daidai da kalmar yafewa, har ana amfani da ita wajen zaman sulhu tsakanin dangi. Amma suna mafi tsada a ƙasar, sunan dukiyar sarakai, sai ya faɗa kan wadda ba ta shiga akushi. Me ya jawo haka? Amsar ita ce aron suna ba hanya ɗaya yake bi ba. Sa'ad da aka kira tsohuwa hulu, daraja aka ara. Sa'ad da aka kira samarin sarki Hulumanu, ado da kusanci aka ara. Sa'ad da matar da ke tsinta a bakin gaɓa ta kira wannan tsiro hulu manu, siffa kawai ta ara, ta bar darajar a fada. Kama da wane ba ta wane, in ji Hausawa. Wanda ya ɗauka cewa duk inda kalma ta je tana tafe da kayanta duka, zai fassara wannan suna ya ce tsiron sarakai ne, ya ɓata.

Mu ma haka muke yi, ba mu dai lura ba ne. Ku buɗe littafin sunayen tsirrai da Dalziel ya wallafa a 1916, ko ƙamus na Bargery na 1934, ko kuma ku tambayi kowace mai tallar magani a kasuwa. Akwai nonon kurciya, ɗan tsiron nan mai farin ruwa, alhali ba wanda ya taɓa tatsar kurciya. Akwai wuyan damo, itacen da ɓawonsa ke da kaushi. Akwai hantsar giwa mai 'ya'ya reto-reto, akwai gemun kwaɗo a bakin fadama. Manomi da makiyayi da ungozoma su ne suka raɗa waɗannan, kuma sun bi ƙa'ida ɗaya da matan Hawai: a ɗauki gaɓar dabbar da kowa ya sani a nuna tsiron da ba kowa ya sani ba. Suna irin wannan hoto ne da ake ɗauka a ka. Yaron da aka aika ya samo wuyan damo ya riga ya san abin da zai shafa ya ji.

Sai dai a yi hattara da wani tarko. Akwai bambanci tsakanin kalma ɗaya mai rassan ma'ana da kalmomi biyu da suka yi karo a rubutu. Hulu manu ta farkon ce, duk ma'anoninta huɗu reshe ne na kututture ɗaya. Amma gashi na kai da gashi na tsire ba su haɗa komai ba. A baki ma ba ɗaya suke ba, na farko wasalinsa dogo ne, na biyu gajere, rubutunmu na boko ne ya ƙi nuna tsawon wasali ya haɗe su. Mutanen Hawai sun magance wannan, suna ɗora 'yar sanda a kan dogon wasali. Da ita ake raba kala, yafewa, da kālā, kuɗi, wadda aka aro daga dalar Amurka, 'yar'uwar tamu dala ke nan. Harshen da baƙaƙensa takwas ne kacal, wasula biyar, ba shi da zaɓi sai ya kula da wannan. Mu da muke da baƙaƙe da yawa mun yi sakaci, muna barin mai karatu ya yi ta canka.

Ga 'yan'uwanmu na sashen kimiyya, wannan tsiro yana da wani abin al'ajabi da ya wuce sunansa. Jikin mutum da na itace an gina su ne da ƙwayoyin halitta bila adadin, kowace da bangonta. Shi kuwa Caulerpa, jijiyarsa da saiwarsa da ganyensa duka ƙwaya ɗaya ce tal, babu bangon da ya raba cikinta, sai cibiyoyi masu yawa suna yawo a ruwa guda. Yana cikin manyan ƙwayoyin halitta da aka sani a duniya. Ɗan guntun da ya tsinke yana iya toshe bakin raunin ya kama ƙasa ya zama sabon tsiro. Yana kuma da wani dafi a jikinsa da ke korar yawancin kifaye. Duk da haka akwai 'yan'uwansa masu 'ya'ya kamar ƙananan inabi da ake ci ɗanye a Fiji da Filifin da Okinawa ta Japan. Ke nan “ba a ci” hukuncin mutanen Hawai ne a kan irin nasu.

Waɗannan halaye biyu, saurin toho da dafi, su suka jawo wa dangin baƙin jini a wani gefen duniya. Saboda kyansa, masu kiwon kifin ado a akwatin gilashi a Turai suka riƙa shuka wani irinsa mai jure sanyi. A 1984 aka ga ɗan fili da bai fi shimfiɗar tabarma ba ya tsiro a Bahar Rum, a gindin gidan nazarin halittun teku na Monako. Zuwa ƙarshen shekara ta 2000 ya kai gaɓar ƙasashe shida, yana rufe ciyawar asali wadda kifaye ke ƙwai a cikinta, anga da ragar masunta suna ɗaukar guntayensa daga wannan tasha zuwa waccan. Jaridun Faransa suka raɗa masa suna makashiyar ciyawa. Da ya ɓulla a Kalifoniya a 2000 ba a tsaya jayayya ba, aka lulluɓe shi da tamfol aka zuba masa sinadarin kulorin, aka ba da sanarwar gamawa da shi a 2006. A Hawai kuwa, inda yake ɗan gida, zaune yake lafiya da maƙwabtansa. Abu ɗaya, wani ya kalle shi ya ga gashin tsuntsu, wani ya ga annoba, kuma kowa ya faɗi gaskiyar abin da ya gani a gaɓarsa.

Su kuwa masu gashin na ainihi, labarinsu ba daɗi. Mamo an yi masa ganin ƙarshe a 1898. ʻOʻo na babban tsibiri a 1934. Ɗan'uwansa na tsibirin Kauaʻi an ji kukansa na ƙarshe a 1987, hukumar Amurka ta cire shi daga jerin masu rai a 2023. Akwai masu ɗora laifin duka a kan masu saƙa alkyabba, amma lissafin bai goyi bayansu ba. An yi ɗaruruwan shekaru ana figar tsuntsayen nan suna nan. Abin da ya ƙare su ya zo ne a ƙarni na 19: sare kurmi don rake da kiwo, ɓeraye da kyanwoyi daga jiragen ruwa, bindiga, da kuma sauro, wanda babu shi a tsibiran sai wajen 1826, ya zama mai yaɗa zazzaɓin tsuntsaye da ƙyandarsu. ʻIʻiwi yana nan har yanzu a kan duwatsu masu sanyi inda sauro bai cika kai wa ba, amma tun 2017 yana cikin jerin waɗanda ake tsoron ƙarewarsu. Masu saƙar gashi na yau da gashin agwagwa da na dinya da aka rina suke aiki.

Harshen kansa ya kusa bin sahun mamo. An hamɓarar da Sarauniya Liliʻuokalani a 1893, a 1896 aka yi dokar da ta sa Turanci ya zama harshen koyarwa a makarantu, iyaye suka daina yi wa 'ya'yansu magana da harshen kakanninsu. Sai a 1978 aka mai da shi harshen hukuma tare da Turanci, a 1984 kuma aka buɗe makarantar yara ta farko da ke koyarwa da shi zalla. Sunan waɗannan makarantu Punana Leo, sheƙar murya. Kun ga an sake komawa wurin tsuntsu neman suna. Da aka zo farfaɗowa, abin da aka tarar a rubuce shi aka iya ɗauka. Ma'anar hulu manu ta fada tana cikin littattafan tarihi, ba ta cikin haɗari. Ma'anarta ta bakin teku kuwa a bakin tsofaffin mata take, kuma da Pukui da Abbott ba su zauna da su sun rubuta ba, wanda ya gaji kalmar yau zai san tsuntsu ya jahilci tsiro.

Wannan ya kawo ni ga tambayar da na yi alkawari. Mene ne sunan limu da Hausa? Muna da gansakuka, koren abin nan da ke rufe kududdufi da gindin randa. Muna da kainuwa dashen Allah, amma ita tsiro ce mai fure da saiwa ta gaske, ba dangin limu ba ce. Masu fassara a rediyo sukan ce ciyawar teku. Wani zai ce ba mu da teku, ba mu da bukata. Ban yarda da wannan ba. Ɗalibin da ke renon ƙwayoyin cuta a faranti a ɗakin gwaji, a kan madarar wani tsiron teku da aka daskarar yake renonsu. Matan Kanembu a gabashin Tafkin Chadi sun daɗe suna kwasar wata koriyar gansakuka suna shanyawa suna miya da ita, suna kiranta dihe, ita ce Turawa ke sayarwa da tsada da sunan sifirulina. Tun 2011 kuma wani tsiron teku ƙasa-ƙasa mai yawo yake tuɗaɗowa gaɓar Afirka ta Yamma, daga Saliyo zuwa Gana zuwa Nijeriya, yana cika ragar masunta yana ruɓewa a yashi. Danginsa ɗaya da limu kala ta neman gafara. Bahaushen da ke zaune a Legas ko Sakandi ko Kwatano yana ganinsa da idonsa, kuma labarinsa zai zo a jarida ana neman kalma.

Ra'ayina shi ne ciyawar teku ta isa a labaran yau da kullum, tunda kunne ya saba da ita. A littafin makaranta kuwa za ta ruɗa yaro, domin akwai ciyawa ta gaske mai fure da ke tsirowa a ƙarƙashin teku, ita ce ma wadda Caulerpa ya danne a Bahar Rum. In muka kira su biyun da suna ɗaya, ba za mu iya ba da wancan labari ba ko kusa. Saboda haka ina ba da shawarar a faɗaɗa gansakuka ta zama sunan dangin duka, a ce gansakukar teku, kore da ja da ƙasa-ƙasa, a bar ciyawar teku ga mai fure. Ga nau'o'i ɗaiɗai kuwa, a bi hanyar da ta ba mu wuyan damo da gemun kwaɗo. Wannan mai ganye a jere dama da hagu, ban ga abin da zai hana mu ce masa gashin zakara ba, mai 'ya'yan nan da ake ci a Fiji kuma mu ce masa inabin teku.

Malam Shugaba, na san akwai 'yan sashen nazarin tsirrai a nan da suka ɗaga gira tun da na ambaci gansakuka, ga su kuwa a sahun gaba. Nan zan dakata in ba su fili.